Rautar Hawa na Huɗu

Da aka buɗe kabad ɗin ƙarfen da ke lungun hawa na huɗu, wayoyi kawai aka tarar suna reto kamar hanjin kaza. Rauta ba ta nan. Sai shatinta a jikin ƙura.

In ba ka san rauta ba, ba laifinka ba ne, mutanen ginin ma sai ranar suka san da zamanta. Wani ɗan akwati ne da bai fi faranti girma ba, mai ƙananan fitilu masu ƙyafta ido. Ginin hawa tara ne, kowane hawa da tasa. Ita ce 'yar aike. In an danna abu a ɗakin kula da ke ƙasa, ita ke ɗaukar saƙon ta kai wa ƙofofi, ta kai wa fankokin zuƙe iska, ta kai wa fitilu da esi mai sanyaya ɗakuna. In ba ta nan, ka yi ta danne-danne har yatsanka ya kumbura, ƙofa ba ta ma san kana yi ba.

Abin da ya faru ke nan jiya da rana tsaka. Hayaƙi ya tashi a hawa na huɗu, hawan da kowa ya san babu kowa a ciki, an kulle shi ana jiran masu gyara. Aka danna a saki ƙofar matattakala, aka danna fankoki. Ƙofa ta ƙi. Da 'yan kwana-kwana suka fasa ta, sai ga wani tsohon tela kwance a bayanta, hannunsa ɗaya a kan mariƙi. Rai ya riga ya yi halinsa. Can ciki kuma dutsen gugarsa ya cinye tebur da yadudduka da katifar soso.

Kafin a sauko da gawar, gini ya gama yanke hukunci. Wani ya ce ɓarawon gida ne. Wata ta ce ai dama ta daɗe tana ganin take-taken ma'aikatan nan. Makullin kabad a hannun mutum uku yake: Manaja, Mai Lantarki, da mai kula da rautocin kansa. 'Yan sanda ba su wahalar da kansu ba, suka tasa ƙeyar na ukun.

Na ukun nan shi ne yayan Ƙadangare.

Ƙadangare sana'arsa bin sawun waya. In waya ta shige silin ta ɓace, ko ta nutse cikin bango an rasa inda ta ɓulla, shi ake kira. Siriri ne, yana shiga inda kyanwa za ta tsaya ta yi shawara, kuma in yana tunani kansa gyaɗawa yake yi, daga nan ya samo sunan. Baki kuwa ba a magana. Ko a gidan makoki ka ajiye shi, sai an ce masa ya yi a hankali. Tun da ubansu ya rasu Yaya ne ya riƙe shi, ya ciyar da shi, ya ɗora masa sukundireba a hannu.

*

A ƙofar ofishin 'yan sanda ya tarar da matar Yaya, kwanon abinci a cinya, idanu sun yi ja.

“Sun hana ni shiga,” in ji ta. “Kai ne mai bakin nan. Yau dai ka yi mana amfani da shi.”

“Anti, share hawayenki. Yaya ya yi sata? Mutumin da in ya tsinci ƙusa a hanya sai ya bi gida-gida yana cigiya? Ki je ki ɗora tukunya, yau a gida zai ci.”

A ciki, Yaya na zaune a ƙasa, ba bel ba takalmi.

“Yaya, wannan masaukin bai yi ba, ko fanka babu. In zo in ja musu waya?”

Yaya bai yi dariya ba. Bai ma ɗago ba.

“Wa ya ce ka zo?”

“Ƙafata. Faɗa min wanda kake zargi, in je in ɗaye masa fata.”

“Koma gida. Ka kula da su.”

“To ka ce dai ba kai ba ne, in ji da kunnena.”

Yaya ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. “Ban saci komai ba,” ya ce. Sannan ya ɗago. “Kada ka shiga ginin nan. Ka ji na gaya maka.”

Ƙadangare ya ɗauki rabin farko na maganar ya sa a aljihu, ya bar ɗaya rabin a wurin.

Sufeto, wani mai tumbi da gajiya a fuska, ya saurare shi yana sosa kunne da murfin biro.

“Kai yaro, rai aka rasa. In ka kawo min akwatin nan da wanda ya cire shi, in kuma ba yayanka ba ne, da hannuna zan buɗe masa. In ba ka kawo ba, gobe kotu. Laifin sata.”

“Ranka ya daɗe, ka fara neman makullin tun yanzu.”

*

Da ya isa ginin, Baba Maigadi ya fara tunkara. Tsohon na kan bencinsa, ya haɗa kai da gwiwa.

“Baba, sannu da rashin gani. An ce komai ya wuce ta gabanka, kai kuma ba ka ga komai ba. Gadi kake ko hutu?”

“Kai ɗan nan, ka kiyaye ni. Ni dai na ga Mai Shara ta fita da buhu shekaranjiya, ta yi wajen mai gwangwan. Iyakar abin da na sani.”

“To madalla. Shi kuma telan ta taga ya shiga? Da keken ɗinkinsa a ka?”

Baba Maigadi ya ɗago kai.

“Abokina ne,” ya ce a ƙarshe. “Tun muna samari. An rushe masa shago, ya rasa inda zai kafa keke. Na ce ga hawa guda a banza. Da safe in buɗe masa da katina, in ja ƙofa, da yamma in je in fito da shi. Daga ciki ba ta buɗuwa sai an sake ta daga ƙasa, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin sa. Jiya Manaja ya aike ni. Ina dawowa na ga motar kwana-kwana.” Ya share hanci da hannun riga. “Don Allah kada ka faɗa. Na tsufa da neman wani aikin.”

Ƙadangare ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya rasa ta. Ya wuce.

*

Mai gwangwan yana bayan ginin, cikin tarin ƙarafa, yana fasa wata tsohuwar fanka da guduma.

“Maigida, an kawo maka wani ɗan akwati mai fitilu?”

“Mai nauyi?”

“Kamar burodi.”

“To ka je gidan burodi. Ni jan ƙarfe nake nema. Wannan abin naku roba ce zalla, ko kyauta ka ba ni sai na roƙe ka ka tafi da ita. Buhun matar nan gwangwanayen lemo ne, ga su can, je ka tambaye su.”

Mai Shara kuwa da ya same ta tana goge matattakala, sai da ta nuna shi da sandar mofa.

“Ni za a laƙaba wa? Ni da ban san rauta daga rariya ba? Wannan tsohon da ya ce ya gan ni, ya ga Mai Lantarki kuwa? Kullum sai ya haye sama da abu a cikin riga, yana waige-waige. Je ka tambaye shi cikin wata nawa ne.”

Nan Ƙadangare ya ji jininsa ya motsa. Dama Mai Lantarki da Yaya ba sa ga-maciji, kullum rigimar wa ya taɓa wayar wa. Ga makulli a hannunsa. Me ya rage?

A falon ƙasa ya ritsa shi, gaban mutane, don Ƙadangare bai iya magana a kunne ba.

“Oga Lantarki! Ina ka kai abin da kake ɓoyewa a riga? Ko haihuwa ta zo?”

Mutumin ya daskare. Mazauna ginin da ke tsaitsaye suka fara matsowa.

“Wane abu?”

“Wanda kake hawa sama da shi. Kai ke da makulli, kai ke hawa, yayana ke kwana a siminti. Ka ga an yi adalci?”

“Wallahi tantabara ce,” in ji Mai Lantarki. “Tantabaru nake kiwo a kan rufi, Manaja ya hana, shi ya sa…”

Aka fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Wani ƙato daga hawa na biyu ya shaƙo masa kwalar riga. Wata ta ce a fito da shi waje. Da ƙyar aka tura shi ɗakin ajiya aka rufe, wai kafin hukuma ta zo. Yana ta bugun ƙofa yana rantsuwa da 'ya'yansa.

Ƙadangare ya ji daɗi, amma ba can ba. Akwatin dai bai gan shi ba tukuna.

*

Ɗakin kula ɗan ƙarami ne, ba taga, sai babban allo da kujera ɗaya. A kan kujerar Mai Allo ce, budurwar da ke zama gaban kwamfuta tana lura da ginin. Tun jiya ba ta je gida ba, ba ta kuma ci komai ba.

“'Yar'uwa, irin wannan kuka ai sai ki jiƙa musu na'ura.”

“Ka bar ni da wasa, Ƙadangare. Kowa cewa yake ban danna ba. Manaja ya ce waya nake latsawa. Na danna! Na ga ƙararrawar hayaƙi, na danna ƙofa, allo ya ce ta buɗe. Na danna fanka, ya ce tana juyawa. Na zauna ina cewa alhamdu lillahi, ashe mutum na can yana…” Ta toshe baki da gyale.

“Allo ya ce ta buɗe?”

“Da idona.”

“Ta yaya zai ce ta buɗe, 'yar aiken ba ta nan? Wa ya dawo masa da amsa?”

Ya sunkuya kan allon. Ga hoton ginin, hawa kan hawa, kowane da ɗigonsa. Kore mai lafiya, ja matacce. Na tara ja ne. Na huɗu kore shar.

Kansa ya fara gyaɗawa.

“Wannan na huɗun, tun yaushe yake kore?”

“Kullum haka yake.”

“An fa buɗe an duba. Kabad wayam. Wannan na taran fa?”

“Tasu ta ƙone tun kwanaki, lokacin zafin nan. Manaja ya ce sabuwa na hanya. Da farko sun yi ta kira suna zagi, sai kuma suka daina.”

“Mutanen hawa na tara suka daina zagi? Ba iska, ba esi, suka haƙura don Allah?” Ya yi tsalle har kansa ya kusa taɓa silin. “Ba a fitar da ita daga ginin nan ba! Tana ciki, tana raye, tana amsa sallama! 'Yar'uwa, riƙe wayarki. Ki dinga kunna fitilun barandar hawa na huɗu kina kashewa, kada ki daina. Sannan ki kira Sufeto. Ki ce ya zo da Yaya, ya taho da ankwa ta biyu. Ki ce Manaja ya sauko, Baba Maigadi, kowa da kowa. Yau za a ga wanda ya iya ɓoye abu a riga.”

Ya fita a guje. Bai jira lif ba.

Hawa na huɗu duhu, sai warin ƙauri. Na biyar fitila a tsaye. Na shida haka. Yana haki yana hawa, yana tsara yadda zai faɗi maganar a gaban jama'a, inda zai tsaya, inda zai nuna Mai Lantarki da yatsa. Da ya tura ƙofar hawa na tara, baranda ta yi haske, ta yi duhu, ta yi haske.

“Kina dannawa?” ya tambaya a waya.

“Ina dannawa.”

“To ya isa. Na same ta.”

Wata ƙofa ta buɗe. Tsohuwa ce, ta dafa bango, numfashinta na fita da ƙara kamar ana zuƙar ruwa da tsinke.

“Wa ke wasa da wuta? Au, ɗana, kai ma mai gyara ne?”

“Ni ne, Kaka. Sannu da jiki.”

“Jiki da sauƙi tun da aka dawo mana da iska. Kwanakin baya na ɗauka tafiya ta zo. Tagogin nan ba sa buɗuwa, ƙirjina ya toshe, 'yata ta yi ta kuka a waya ba wanda ya kula. Sai wani bawan Allah ya zo ya taɓa akwatin can. Ban ma ga fuskarsa sosai ba, idon ya tafi. Kullum sai na sa masa albarka.” Ta tsaya ta ja iska. “Amma ku duba abin nan. Jiya da rana ƙofofi suka buɗe da kansu, fankoki suka yi ta ruri kamar jirgi zai tashi. Ba wanda ya taɓa su.”

Ƙadangare ya bar ta a bakin ƙofa. Ya nufi kabad ɗin lungu, ya sa bakin sukundireba ya murɗa.

Ga ta nan. Fitilunta na ƙyaftawa cikin kwanciyar hankali, a gefenta an manna lamba huɗu.

Abin a fili yake. Hawayen ginin nan duk tsari ɗaya aka yi musu, ƙofa inda ƙofa take, fanka inda fanka take. Rauta kuwa sunanta a cikinta yake. Ka ɗauke ta daga huɗu ka kai ta tara, aiki za ta yi ba gardama, amma in an tambaye ta, cewa za ta yi ita ce huɗu. Jiya da Mai Allo ta ce a buɗe ƙofar huɗu, an buɗe. A nan.

Saura wanda ya kawo ta. Ya haska tocila kan wayoyin.

Ba a ɗaure su da robar ɗauri ba. Da guntun siririyar waya aka tufke su, murɗi biyu, aka lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki hannun wanda zai zo daga baya. Salatif ɗin da aka naɗa, an ninke ƙarshensa an bar ɗan kunne, yadda za ka kama ka warware ba sai ka sa farce ba. Mai Lantarki da haƙori yake yanke salatif ya bar shi yana lilo. Wannan aikin mutum ɗaya ke yin sa a duk garin. A'a, mutum biyu. Na biyun ya sha ranƙwashi a ka kafin ya koya.

Ƙadangare ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Iska mai sanyi na sauko masa a wuya. Wayarsa ta yi ƙara.

“Sun iso,” in ji Mai Allo. “Kowa na nan. Kai ake jira.”

*

Falon ƙasa ya cika. Sufeto a tsakiya, Yaya a gefensa da ankwa. An fito da Mai Lantarki, leɓensa a fashe, riga a yage, wani ɗan sanda na riƙe da ƙugunsa. Manaja na tsaye da wayoyinsa biyu yana duba agogo. Baba Maigadi ya raɓe a bakin ƙofa. Mai Allo ta rungume hannu.

Ƙadangare ya sauko a hankali. Ya tsaya a gaban Sufeto.

“To, sarkin baki,” in ji Sufeto. “An ce ka samo. Wannan ne mutumin?” Ya nuna Mai Lantarki da haɓa.

Kai kawai Ƙadangare zai gyaɗa, Yaya ya fita. Abin da ya fi iyawa a duniya. Mutumin na da makulli, an gan shi yana hawa, jama'a sun riga sun yarda. Ba wanda zai hau ya karanta salatif.

Mai Lantarki ya dube shi. Jini na ɗiga a kan rigarsa.

Ƙadangare ya juya wajen Yaya. Yaya ya girgiza kai kaɗan, ba na roƙo ba. Irin girgizawar da yake yi in ya ga za ka haɗa waya ba daidai ba.

“Ku sake shi,” in ji Ƙadangare. “Tantabara ce. Ni na ja masa da bakina.” Ya juya ga Sufeto. “Ranka ya daɗe, ba a saci komai ba. Rautar tana hawa na tara, tana aiki. Ta can ce ta ƙone, aka ari ta huɗu aka sa. Haka muke yi in abu ya mutu ba a sayo wani ba, a ciro daga inda ba kowa a kai inda ake bukata. Amma sai an canza mata suna. Ba a canza ba. Shi ya sa yarinyar nan ta danna, ƙofa ta buɗe a sama.”

Mai Allo ta sulale ta zauna a ƙasa tana kuka.

“Wa ya ara?” in ji Sufeto.

Ƙadangare ya kafa ido a ƙasa.

“Ni ne,” in ji Yaya.

Kowa ya juyo gare shi.

“Tsohuwar can tana mutuwa. Na zo na faɗa, aka ce sabuwa na hanya. Canza suna sai da lambar sirri, kamfanin da ya kafa su ke riƙe da ita, na kira su har na gaji. Na ce hawa na huɗu ba kowa, bari in ara kafin sabuwar ta zo. Na gaya wa Manaja.”

“Ni?” Manaja ya dafe ƙirji. “Ni dai cewa na yi ka san yadda za ka yi. Ban ce ka cire komai ba. Akwai wanda ya ji na ce a cire?”

Ba wanda ya ji.

“Ita fa mai allon, ka gaya mata?” in ji Sufeto.

Yaya ya sunkuyar da kai. “Na ce zan gaya mata. Aka kira ni famfo ya tsaya. Na manta.”

“Shi kuma mamacin, wa ya sa shi a hawan da aka kulle?”

Kowa ya dubi kowa. Baba Maigadi ya dubi takalminsa. Ƙadangare ya dube shi, ya daɗe, tsohon bai ɗago ba. Ya kawar da kai. Tona asirin mutum ɗaya ya ishi Ƙadangare a rana ɗaya.

“Me ya hana ka faɗa tun jiya?” Sufeto ya tambayi Yaya.

“In na faɗa za ku cire ta. Ita kuma tsohuwar…”

Sufeto ya numfasa, ya goge wuya da hankici. “Da ka bar shi a sata, ɗan zama kaɗan ne ka fito. Yanzu magana ta zama sanadin rai. Wannan ba a hannuna take ba.” Ya juya ga yaransa. “Ku sa shi a mota. Akwatin kuma a ciro shi, shaida ne, kotu za ta nema.”

“Ranka ya daɗe, in an cire, iskar sama za ta tsaya,” in ji Ƙadangare.

“To Manaja ya sayo wata.”

“Tana hanya,” in ji Manaja.

'Yan sandan suka dubi juna, ba wanda ya san ta inda ake kama abin. Sufeto ya nuna Ƙadangare. “Kai ka gano shi, je ka ciro min.”

Da za a wuce da Yaya, Ƙadangare ya kama hannun rigarsa.

“Yaya, wallahi ni so na yi in…”

“Na sani.” Yaya ya dube shi, ba fushi a idonsa, abin da ya fi ciwo ke nan. “Kashe ta kafin ka zare wayar. Kada ka fizga.”

*

Ya kashe ta kafin ya zare wayar. Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Can cikin silin fankar da ke huci ta rage gudu, ta rage, ta yi shiru. Ɗan sandan da ya rako shi ya karɓi akwatin ya sa a leda ya yi gaba.

“Ɗana?” Muryar tsohuwar ce daga bayan ƙofa. “Iskar ce ta tsaya kuma?”

“Kaka, ki kira 'yarki ta zo ta ɗauke ki. Yau ɗin nan. Kada ki kwana a nan.”

“In je ina?”

Ƙadangare ya juya. Ya sauka hawa ɗaya ya zauna a kan matattakala. Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Matar Yaya ce. Ya bar ta ta katse. Ta sake kira. A na uku ya ɗauka.

“Ƙadangare! An ce ka gano akwatin! Da gaske ne?”

“Na gano, Anti.”

“Ba sata ba ce ko? Gaya min!”

“Ba sata ba ce. Yaya ba ɓarawo ba ne. Kowa ya ji.”

Ta saki wata ƙara ta murna, ya ji tana kiran yara, tana cewa ku zo ku ji, ku zo ku gode wa baffanku. Ya ji ƙarar murfin tukunya, ya ji ƙaramar tana tambaya ko Baba zai kawo mata alawa.

“Allah ya yi maka albarka, ɗan ƙanina. Na san bakin nan naka zai yi rana. Abinci ya nuna tun ɗazu. Kuna hanya ne? Ba shi wayar in ji muryarsa.”

Ƙadangare ya riƙe wayar da hannu biyu.

“Anti,” ya ce. “Ki sa yaran su shiga ɗaki. Ki zauna tukuna.”